Kunun Kanwa a Kujerar Baya

Da cika baki yana gyara mota, da tuni garejojin unguwar Khumra sun rufe an bar wa Mazen aikin shi kaɗai. Mutumin nan mai gadi ne a wurin ajiye motoci na wata babbar kasuwar zamani a Jidda. Aikinsa bai wuce ɗaga sanda mota ta shiga, ya sake ɗagawa ta fita ba. Amma da ya shekara goma sha biyu yana kallon motocin mutane suna wucewa ta gabansa, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya zama injiniya. In ka yi masa gardama ya ce, "Ya shekh, ni da kunne nake gane ciwon mota tun kafin mai ita ya sani."

Yana da wata tsohuwar motar Amurka ja, mai ƙofa biyu da silinda takwas, ya raɗa mata suna Tsawa. Sunan kuwa ya bi ta, don in ya tayar da ita da safe kuliyoyin unguwa sai su haye katanga. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta da sa'a. Amma da an zo kwana sai ta kwanta gefe guda tana tangaɗi kamar kwalekwalen masunta, bayanta na lilo. Shi gogan naka ko a jikinsa, tunda sitiyari na hannunsa, kujerarsa kuma mai laushi ce. Babban abin taƙamarsa ma shi ne, "Tun da na yi wayo ban taɓa zaman kujerar baya ba. Baya ta mata ce da kaya." Matarsa Tahani shekararta uku da karɓar lasisin tuƙi, amma ko makullin Tsawa bai taɓa bari ta riƙe ba. Tuƙin mata, in ji shi, tafiyar kunkuru ce.

To, shekara tara suna jiran haihuwa, sai bana Allah ya ba su 'ya mace, aka sa mata Razan. Ranar da aka yi masa albishir, ƙaton nan zama ya yi a bakin ƙofar asibiti ya fashe da kuka. Wannan kam ba zan rage masa ba, yana son 'yarsa. Tahani ta tafi wankan jego gidan iyayenta can kudancin gari, inda suka koma bayan an rushe tsohuwar unguwarsu, Karantina. Shi kuwa ya bi gari yana shela, daga abokan aiki har mai sayar da burodin tamis, cewa ranar arba'in a cikin Tsawa zai ɗauko 'yarsa ya kai ta gida, duk Jidda ta ji.

Saura kwana goma arba'in, surukarsa Hajiya Rakia ta ce ya kai ta kasuwar Balad ta sayo kanwa da kayan yaji da turaren wuta. Hajiya Rakia tun tana yarinya iyayenta suka zo da ita aikin hajji daga Damagaram, suka zauna. Larabci ya kama bakinta, amma bai rage masa kaifi ba. Da yake ba ta zama kusa da suruki, aka kwantar da kujerar gaba ta kutsa baya da ledojinta. A hanyar dawowa Mazen ya shiga shataletalen da ke bakin layin su Hajiya da gudunsa na kullum. Tsohuwa ta tashi daga wannan gefe ta dira wancan, ledar barkono ta bi ta, ƙullin kanwa ya same ta a goshi.

Da ya tsaya a ƙofar gida ta fito da rarrafe, tana atishawa tana salati.

"Kai Mazen! Wannan mota ce ko shillo?"

"Khala, ai ƙarfi ne ya yi mata yawa. Doki ɗari huɗu ne a cikinta."

"To dawakan nan naka duk guragu ne ta baya. Wallahi jikata ba ta shiga wannan akwatin."

"Haba Khala! Na riga na faɗa wa mutane."

"Sai ka koma ka warware musu. Bakin da ya ɗaura ai shi ke kwancewa."

Ya yi ta magiya, har mijinta Ammi Saleh ya leƙo. Shi dattijo ne marar yawan magana, shekara talatin yana tuƙa motar alhazai tsakanin Jidda da Makka kafin ya ajiye. Ya ce a yi wa yaro adalci. Sai Hajiya Rakia ta kafa sharaɗi. Ranar arba'in za ta cika kwano da kunun kanwa, irin wanda take dama wa mai jego kullum, a ɗora a kujerar baya. Ya tashi daga ƙofar gida, ya zagayo shataletalen nan, ya dawo. In kunu bai zuba ba, ya ɗauki matarsa da 'yarsa a Tsawa. In ya zuba, a motar wani za su koma, yana tsaye yana kallo.

Mai hankali da sai ya ce to, ya tafi ya yi tunani. Mazen dukan ƙirji ya yi.

"Khala, ki cika shi har baki. Kada ma ki sa murfi."

Washegari ya nufi Khumra wurin Kassimu, wani bakanike mutumin Tawa ta Nijar da ke da gareji a bayan ɗakunan ajiyar kaya. Kassimu ya danna bayan motar da hannu ɗaya ya saki, ta yi ta rawa ita kaɗai har sau biyar.

"Patron, shokozoba ne suka mutu, duka biyun na baya. Mu sa sababbi irin nata, mu canja robobin. Awa ɗaya ka tafi. Sannan ranar ka bi a hankali, halas, shi ke nan."

Mazen ya yi wata dariya ta raini. "A hankali? Kassimu, kai gyaran motar ɗaukar tumatir ka sani. Wannan motar tsere ce." Ya zaro waya ya nuna masa wasu Turawa suna shan kwana a filin tsere, mota ko gezau. "Ka gani? Sirrin uku ne. A gajarta sifirin ta kwanta ƙasa. A sa mata sandar ƙarfe mai kauri ta ɗaure ƙafafun baya biyu. A sa shokozoba masu tauri. Mota ba ta karkata, kunu ba ya karkata. Ilimi ne."

"Su Turawan nan kunu suka ɗauko?"

"Kai dai ka yi abin da na ce."

"Ni? Hannuna ba ya ciki. Ga jak can, ga injin yankan ƙarfe, ara na ba ka. Amma in an tambaya, ban san ka ba."

Mazen ya ɗauki hutun kwana bakwai a wurin aiki. Ya je tashlih, inda ake farke matattun motoci ana sayar da kayansu, ya dawo da sandar ƙarfe da shokozoba na wata ƙatuwar motar ɗaukar kaya. Mai wurin ya ce ba nata ba ne. Mazen ya ce shi ya sa ma yake so.

A ƙofar gidansa ya baje kolin, maƙwabta suka fito da kujeru da shayi kamar ana nuna ƙwallo. Ya ciro sifirin na dama ya yanke zagaye biyu. Ya ciro na hagu, waya ta shigo yana cikin yanka, ya yanke uku. Da aka sauke mota daga jak sai ta tsaya a karkace kamar mai ciwon ƙugu.

Wani maƙwabci ya ce, "Abu Razan, gaisuwa take yi ko?"

"Gwaji ne," in ji Mazen.

Ya koma dama ya rage don su daidaita, ya zarce. Ya koma hagu. Ya sake komawa dama. Wanda ya taɓa ganin wanzamin da ke daidaita gashin baki har ya ƙare shi tas, to ya ga aikin Mazen. Kafin la'asar sifirin biyun sun koma kamar awarwaro, gindin Tsawa ya zauna daɓas a ƙasa, hancinta na kallon sama. Sandar ƙarfen kuwa ta ƙi shiga, ya yi ta bugunta da guduma har ta shiga don dole.

Ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Mashallah! Ku dubi zama. Kamar damisa za ta yi tsalle."

Damisa ba ta fita daga layi ba. A bakin layin akwai maɗab, tudun kwaltar nan da ake yi don rage gudu, wanda ko keken yara na haye shi lafiya. Tsawa ta hau, ta yi ƙuuu, ta tsaya a kai. Sai da maza shida suka turo ta, salansa kuma ta ce ita nan za ta kwana. Mazen ya ɗauke ta da tsumma, da zafinta, ya jefa a but.

"Dama nauyi take ƙara mata," ya ce.

Don ya ɗaga ta kaɗan, sai ya yayyanka tsohuwar taya ya cusa guntayen a tsakanin zagayen sifirin, ya bi da waya ya ɗaure tam. Mota ta ɗaga da yatsa uku. Sifirin kuma ya daina zama sifirin, ya koma turmi.

Ranar Laraba ya kai ta wani fili tsakanin ɗakunan ajiya na Khumra, ya kira Kassimu ya zo ya ga ikon Allah. Ya taka wuta, ya murɗa sitiyari. Gaskiya mota ba ta karkata ba ko kaɗan. Sai dai bayanta ya ce shi ma gaba yake so. Ta juya sau biyu a wuri ɗaya, ta tsaya tana kallon inda ta fito, ƙura ta rufe Kassimu har gira.

Mazen ya leƙo ta taga. "Da gangan na yi."

"Na gani, patron."

"Bayan ne ya yi rashin nauyi. Abu mai sauƙi."

Ya samo bulo takwas a wani kango ya jera a but, kusa da salansa. Kassimu ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Abu ɗaya zan roƙe ka, don Allah. Zauna a baya in ja ka daga nan zuwa ƙofar can. Ka ji abin da kunu zai ji."

"Ni? A baya?" Mazen ya dube shi sama da ƙasa. "Kassimu, ka taɓa ganin liman a sahun mata?"

Kassimu ya ɗaga hannu sama ya koma garejinsa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Arba'in ta faɗo Juma'a, bayan la'asar gidan Ammi Saleh ya cika maƙil. Tsofaffin maƙwabtan Karantina da rusau ya warwatsa, wasu daga arewacin gari, wasu har daga Makka, duk sun zo ganin jaririya. Labarin kunu kuma ya riga ya zaga wayoyi, don haka maza suka yi layi a bakin titi, mata suka cika tagogi. Shataletalen yana nan ƙarshen layi, kowa na hango shi. Kassimu ma ya rufe gareji ya zo, ya ce bai san kowa ba, kallo ya kawo shi.

Tun daga nesa aka ji ta. Mota mai silinda takwas babu salansa, jama'a! Jaririya ta farka ta tsala ihu a cikin gida. Mazen ya fito cikin sabuwar riga fara ƙal da baƙin tabarau, yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Hajiya Rakia ta fito da kwanon silba cike da kunun kanwa, ta bar shi ya huce, ya yi kauri, yana ƙamshin citta. Har baki ta cika shi, yadda ya nema.

"Ga shi, injiniya. Babu murfi."

Wani ya ce ai sai da shaida, kada ya tsaya a hanya ya shanye rabi ya ce bai zuba ba. Aka yi dariya. Ammi Saleh ya ce shi zai shiga. Aka kwantar da kujera, aka naɗe dattijo aka tura shi baya, da farar rigarsa ta Juma'a da hularsa. Aka ajiye kwano a gefensa, ya sa hannu ɗaya ya tallafe.

"Ya waladi," ya ce, "a hankali. Na kai alhazai dubbai Makka, ban taɓa zubar wa kowa ko shayi ba. Duk sirrin a ƙafa yake."

"Ammi, wancan zamanin ne. Yanzu sirrin a ƙarƙashi yake. Yalla, bismillah!"

Ya saki kuloci, Tsawa ta zabura. Taku goma ba a yi ba ta taka murfin kwata, ɗan tudun da ko akuya ba za ta ji shi ba. Kunu ya yi tsalle ya dawo, rabi a kwano, rabi a cinyar Ammi Saleh. Kan dattijo ya gaisa da rufin mota, hula ta nutse har kunne.

"Mazen! Ya zuba! Tsaya!"

Ina! Ba salansa, wa zai ji wani? Mazen ya hango bakin surukinsa na motsi a madubi, ya ɗauka yabo ne.

"Ai ba ka ga komai ba, Ammi! Bari mu zo kwana!"

Ya ƙara wuta. Ya shiga shataletale yadda ya ga Turawan waya suna yi. Bulo takwas da ke but suka taru suka koma gefe guda gaba ɗaya, gum! Bayan mota ya fita, ya wuce gabanta. Ta juya sau ɗaya, mata suka yi salati a tagogi. Ta juya na biyu, but ya buɗe, bulo suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, salansa ta bi su tana ƙararrawa. A na uku ta haye dakalin shataletalen da baya, ta zauna a cikin furannin da baladiyya, hukumar gari, ta shuka, ƙafafun baya na juyawa a iska.

Can sai wani abu ya yi ɓas daga ƙarƙashi. Guntun sifirin na hagu ne ya tsinke waya ya fito, ya biyo layi yana tsalle, ɗan taya na maƙale da shi, bai tsaya ko'ina ba sai gaban Hajiya Rakia. Ta dube shi, ta dubi Kassimu.

"Wannan fa?"

"Shi ne ilimin, Hajiya."

Jama'a suka ruga. Aka buɗe ƙofa, aka zaro Ammi Saleh lafiya lau, ko ƙwarzane babu, sai dai daga hula har takalmi kunu ne. Gemunsa na ɗiga. Rufin mota kunu, gilashi kunu, ƙeyar Mazen da bayan sabuwar rigarsa kunu. Dattijo na rungume da kwano, wanda ya fi komai tsabta a motar.

Mazen ya cire tabarau ya zagaya mota yana duba ƙasa. "Kwaltar nan ce. An zubar da mai a nan. Kuma kunun ya yi ruwa, da ya yi kauri..."

Ammi Saleh ya share ido da bayan hannu, ya miƙa masa kwano. "Riƙe, ya waladi. Ka kai wa Hajiya ka faɗa mata kununta ya yi ruwa. Ni ba ni da wannan ƙarfin halin."

Dariyar da aka yi a wurin, har masu shagon ƙetaren titi sai da suka fito. Tsoho ɗaya ya zauna a dakali yana riƙe ciki yana cewa tun da aka rushe Karantina bai yi dariya irin ta yau ba. Mazen ya tako layin nan da ƙafa, da kwano a hannu, kunu na bushewa a wuyansa. Kwana arba'in yana kwana shi kaɗai yana lissafin wannan yammaci, ga shi yanzu wani ƙato zai ɗauki 'yarsa yana kallo.

"To Khala," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "motar wa za su shiga?"

Kafin ta amsa sai ga wata 'yar ƙaramar mota fara ta fito daga bayan gida, shiru kamar ba a kunna ta ba. Ta ƙanwar Tahani ce, Lujain. An ɗaure kujerar jarirai a baya, Razan na ciki ta koma barci. A gaban sitiyari kuwa Tahani ce zaune, ta gyara mayafinta, ta sauke gilashi.

"Abu Razan, ka shigo mu tafi gida. Na gaji."

Ya yi wuf ya nufi ƙofar direba. Ba ta motsa ba. Ya zagaya ƙofar gaba ta ɗaya gefen, ya tarar an cika kujerar da garar jego, buhun gero da tulin kayan jaririya har sama. Hajiya Rakia ta karɓi kwanon hannunsa, ta shiga gida, ta fito da shi cike har baki, ta buɗe masa ƙofar baya da kanta.

"Wannan na mai jego ne, za ta sha in kun isa. Baya ta mata ce da kaya, ko ba haka kake cewa ba? To shiga ka riƙe kayan."

Ya duba hagu, mutanen Karantina. Ya duba dama, Kassimu na ɗaga masa hannu. Ya sunkuya ya shiga, gwiwoyinsa har haɓa, kwano a tafin hannu, 'yarsa a gefe tana numfashi a hankali.

Tahani ta ja mota. Ta haye murfin kwata, kunu ko motsi. Ta kauce wa bulo takwas ɗaya bayan ɗaya, ta shiga shataletale, ta zagaye Tsawa da ke zaune cikin furanni, ta miƙe hanya. Sai da suka yi nisa ta dube shi ta madubi.

"Ya zuba?"

Mazen ya leƙa kwano. Ko ɗigo. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ai riƙo ne," ya ce. "Ba kowa ya iya riƙon kwano ba."